Ranar da Cindo Ya Koma Rijiya

Duk Garin Gudaji, wani ɗan ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, babu wanda bai san Cindo ba ya zuwa bakin rijiya ba. Abin dariyar kuwa, shi ne mai ɗinka wa gari guga. Baduku ne na ji da gani, in ya ɗinka maka wasaki sai igiya ta tsinke sau uku ɗinkin bai motsa ba. Amma ka ce ya zo a gwada a rijiya, sai ya ce shi ɗinki ya sani, gwaji naka ne. Matarsa Hannatu ce ke ɗebo musu ruwa safe da yamma, har mata suka gaji da yi mata tsiya suka bari.

Su biyu ne kaɗai Kirista a garin. A takardar baftisma sunansa Ishaku, to amma wa zai saki Cindo, ga yatsa na shida nan a hannun hagu kowa na gani? Ana zaman lafiya da su daidai gwargwado. Ana gaisawa, ana ciniki, ana zuwa musu sannu in ba su da lafiya. Sai dai duk wanda ya karɓi guga daga hannun Cindo sai ya wanke shi sau uku kafin ya zura, wasu ma a gabansa suke faɗa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce gara haka, ko shi da ya ɗinka ya san warin jima.

Dattawa sun san ya taɓa bin ayarin mahaƙa rijiya, masu yawo gari gari a ƙasar Gumel. Abin da ya raba shi da aikin ne ba su sani ba. Wata rana a wani ƙauye wajen Gagarawa ƙanensa Haladu ya sauka, shi yana sama riƙe da igiya. Can sai igiya ta yi sako-sako, maganar Haladu ta ɗauke. Cindo ya san abin da ya faru, ya kuma san abin da ake yi, domin shi ya koya wa yaron aikin. Amma ƙafafunsa suka ƙi. Ya tsaya yana leƙe, yana kira, har mutane suka iso daga gona, lokacin kuwa aikin gama ya gama. Shekara bakwai ke nan bai sake leƙa rijiya ba, bai kuma sake ambaton sunan ƙanen nan da bakinsa ba.

Bayan wannan ne gyambo ya kai shi asibitin mishan can wajen Kano, ya yi wata huɗu a kwance, ya koyi karatu, ya kuma ji wa'azi. Yawancin abin da aka faɗa ta bayan kunnensa ya bi. Magana ɗaya ce ta kama shi: aka ce Almasihu bai tsaya daga sama yana leƙen mutane ba, saukowa ya yi har inda suke kwance. Mai wa'azin ya faɗa ya wuce abinsa. Cindo kuwa ya kwana uku bai ci abincin kirki ba, domin shi ya san yadda tsayuwa a sama take.

To, ranar da nake ba ku labari Lahadi ce, cikin bazarar 1954, irin bazarar nan da kaji ke buɗe baki tun da hantsi. Cindo da Hannatu suna zaune a inuwar zana sun gama 'yar sujadarsu ta mutum biyu, sai suka ji sallama. Goggo Rakiyya ce, tsohuwar da ke maƙwabtaka da masallaci, wadda ba ta taɓa taka gidan ba. Ta shigo ta durƙusa. Ta gaishe su da kwana. Ta gaishe su da gajiya. Ta tambayi zafi, ta tambayi aiki, har awaki sai da ta tambaya. Cindo yana amsawa yana kallonta, sai ya lura takalmi ɗaya ne a ƙafarta, yatsunta kuma suna ta tsinkar bakin zanenta.

Ya ce, "Goggo, lafiya?"

Ta kau da kai wajen danga ta ce, "Wai yaron gidan nan ne ya sauka yasar rijiya. An ce ya daina amsawa."

Hannatu ta tambayi wane yaro. Tsohuwa ta ce ai ta san shi.

Kai, mutanenmu da kunya! Yaron nan fa Badaru ne, magidanci mai shekara talatin, da gemunsa da matarsa. Amma ɗanta na fari ne, tun ranar sunansa Goggo Rakiyya ba ta taɓa furta sunan ba, ba ta taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba, ko zazzaɓi yake sai dai ta aika a duba. Ɗanta yana ƙasan rijiya, ita kuwa ta ɓata lokacin da za a dafa ƙwai tana tambayar awaki, don kada a ce ta nuna damuwa. Cindo ya ji haushi ya taso masa, sai kuma tausayi ya danne shi.

Da ƙyar aka tatso sauran bayanin. Rijiyar gari ta ja baya, yashi ya cike idon ruwa, aka sa yau za a yashe ta. Da aka leƙa sai aka ga zuma sun yi gida a wata tsaga ta bango. Aka cika kasko da garwashi da ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, aka zura don hayaƙi ya kore su. Zuma dai sun tashi. Amma wuta ta cinye igiyar kaskon, ya faɗa ƙasa ya ci gaba da turnuƙewa a kan yashi. Aka ɗan jira hayaƙi ya rage, Badaru ya sauka. Ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya fara cika guga, guga uku aka jawo, na huɗu shiru. Wani ya bi bayansa, bai kai rabi ba jiri ya kwashe shi aka jawo shi yana amai. Yanzu kowa ya ja da baya, ana cewa aljanu masu rijiya ne suka riƙe shi.

Cindo bai buƙaci a ƙara masa ba. Hayaƙi ya cinye numfashin rijiya, shi ke nan. Ya yunƙura zai tashi, sai ƙafafunsa suka ƙi, daidai yadda suka yi a Gagarawa. Basillar da ke gefensa ya ɗauka ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya ji bakinsa yana cewa shi fa ya daɗe da barin aikin, a aika Sule Tankarkar ko za a dace da mahaƙa. Shi kansa ya san kafin ɗan aike ya je ya dawo an yi jana'iza.

Goggo Rakiyya ta ce to, Allah ya ba da lada, ta fara miƙewa. Ko roƙo ɗaya ba ta yi ba. Wannan ne ya fi komai yi masa ciwo.

Hannatu ce kaɗai ta san labarin Haladu. Ba ta ce masa ya je ba, ba ta ce kada ya je ba. Ɗaki ta shiga ta fito da fitilar ƙwai da ashana, ta ajiye a gabansa, ta ɗaura ɗamara da gyalenta.

Ta ce, "In za ka sauka, hannuna ba zai bar igiyar ba."

Cindo ya sunkuyar da kai. Addu'ar da ya yi ba mai tsawo ba ce, ba ta kuma da ado. Ya ce wa Ubangijinsa ya san shi matsoraci ne, ba sai an ɓoye ba. Ya ce kai da ka sauko domina, ƙafafun nan ba za su kai ni ba, sai dai ka kai ni. Tsoron bai tafi ko'ina ba. Amma da ya sake yunƙurawa sai ya ga ya miƙe, ya ɗauki fitilar ya fita da gudu, tsohuwa da matarsa suna biye.

A bakin rijiya gari ya taru. Safiyatu matar Badaru tana birgima a ƙasa tana kuka, mata na riƙe ta. Maza kuwa, ka ji wani aiki, sun sake cika wani kasko da garwashi, sun zuba turare da wasu saiwoyi, za su zura don a lallashi masu rijiya su saki mutum. Cindo bai san lokacin da ya sa ƙafa ya kifar da kaskon ba. Nan take hayaniya ta tashi. Wani ya ce ɗan mishan ya zo ya raina musu al'ada. Wani ya fara naɗe hannun riga.

Liman, Malam Sallau, shi ya ɗaga sanda. Dattijo ne mai sanyin magana, tun farko ma bai yarda da zancen kaskon ba, rinjayarsa aka yi. Ya ce a bar mutum ya faɗi abin da ya sani. Cindo bai tsaya dogon bayani ba. Ya kunna fitila ya ɗaura a siririyar igiya ya zura, ya ce kowa ya duba. Rijiyar gaba ashirin da biyar ce. Fitila ta yi ta sauka tana ci, ana ƙirga gaba, a ta goma sha bakwai harshen wutar ya yi ja, ya ƙanƙance, ya mutu. Ya ce inda wuta ba ta rayu ba mutum ma ba ya daɗewa, wani hayaƙin kuma shi zai ƙarasa Badaru. Daga can ƙasa ana jin wani ɗan nishi, kamar na akuya mai ciwo.

Malam Sallau ya ce, "Faɗi abin da za a yi, mu yi."

Aka kwaso kaba daga wata rumfa, aka ɗaure dami biyu manya, aka baza ganyen. Cindo ya sa majiya ƙarfi su riƙa zura su har ƙasa suna fizgowa da sauri, ɗaya na sauka ɗaya na hawa, don su tura sabuwar iska ciki su kwaso gurɓatacciyar. Ya ce kuma a kwarara ruwa ta jikin bango, ya kashe kaskon ya kuma ja iska ƙasa. Nan aka yi cirko-cirko, domin a bazarar nan ruwan tulu ɗaya ya fi tuwo daraja, rijiyar da za a ɗebo wani kuma ita ce wannan. Goggo Rakiyya ce ta wuce gida, ta dawo da tulunta a ka, ta juye shi duka. Sai ga mata sun bazama, kowace da nata.

Aka sake zura fitila. Wannan karon ta kai gaba ashirin da uku kafin ta mutu. Cindo ya so a ƙara ko kaɗan ne, amma da ya kasa kunne sai ya ji nishin ya ɗauke.

Ya tuɓe riga. Ya ɗaura igiya a ƙirjinsa da irin ƙullin da hannunsa bai manta ba, ya yi wa ƙafa maɗauki. Ya ce ja biyu a tsaya, ja uku a jawo, kada kuma a sa takarkari, domin sa bai san ja uku ba. Maza takwas suka kama, Malam Sallau a gaba. Hannatu ta durƙusa a bakin gungumen da igiyoyi suka sassaƙe, ta ɗora tafinta a kan igiyar don ta ji motsinsa. Ba wanda ya ce mace ta matsa.

Da ya zura ƙafa cikin bakin rijiyar, sanyin nan da warin laka suka buge shi, ya ji kamar jiya ne. Ya rufe ido. Yana sauka yana ambaton sunan Yesu a hankali, gaba ɗaya suna ɗaya, ba don ya iya wata addu'a a lokacin ba. Hasken sama ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar faifai. Ƙafarsa ta taɓa laka.

Badaru ba ya tsakiyar rijiya. A ƙasa can bango ya zube ya yi kogo, shi kuwa da numfashi ya ƙure masa sai ya rarrafa ciki, ya rungume wani tsohon gungume da aka tokare bangon da shi. Yana da rai, ƙirjinsa na ɗagawa. Cindo ya kama ƙafarsa ya ja, ko gezau. Ya kira shi, ya girgiza shi, mutumin ya ƙara ƙanƙame itacen. In aka ja da ƙarfi gungumen ya taho, bangon zai rufto musu su biyu. Kan Cindo ya fara sarawa, kunnuwansa suna ƙara, ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya ja igiya sau uku.

Da aka fito da shi shi kaɗai, Safiyatu ta kurma ihu. Ya kwanta rub da ciki yana haki, ya ɗaga hannu ya ce da rai, da rai. Da numfashi ya dawo ya yi musu bayani. Ya ce Badaru ba ya cikin hayyacinsa, bai san muryarsa ba, sai an sami muryar da za ta sa ya saki itacen ya juyo. Nan fa kowa ya kifa kai cikin rijiya yana kira, abokai, maƙwabta, matarsa, har rijiyar ta cika da amo ba a jin na kowa. Cindo ya ce su yi shiru. Ya dubi Goggo Rakiyya, wadda ke tsaye can gefe ta juya wa rijiyar baya, tulu a hannu. Ya san abin da yake nema a wurinta ya fi ruwan tulu wuya.

Hannatu ta dube shi ta ga leɓensa ya yi fari. Ta ce ya ƙara hutawa. Ya ce in ya huta ba zai koma ba, ya san kansa.

Sauka ta biyu ta fi ta farko muni, domin yanzu ya san abin da ke jiransa. Ya isa, ya ɗauki igiyar da Badaru ya kwance, ya rarrafa bakin kogon ya zagaya ta ƙarƙashin hammatarsa, ya ƙulla. Saura hannuwan. Ya yi ta ɓamɓarar yatsun, in ya ɓamɓare ɗaya sai ɗaya ya koma. Duhu ya fara shigo masa ta gefen ido. A ransa ya ce to, Ubangiji, na dai sauko.

Sai murya ta gangaro daga sama, ita kaɗai, siririya, tana rawa.

"Badaru."

Mutumin bai motsa ba. Sannan ta sake, da ƙarfi wannan karon, irin kiran da uwa ke yi wa yaro in ya yi nisa da gida.

"Badaru, ɗana. Saki ka taho."

Cindo ya ji jikin mutumin ya motsa a hannunsa. Kai ya juyo a hankali wajen hasken. Yatsun suka saki. Cindo ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya fizgo shi tsakiyar rijiya, ya ja igiyar Badaru sau uku, ya ga ƙafafunsa sun tashi sama suna lilo. Ko ya ja tasa ko bai ja ba, har ya tsufa bai iya tunawa ba. Hannatu ta ce bai ja ba. Ta ji igiyar ta yi wani irin nauyi a tafinta, ta ce wa Malam Sallau su jawo yanzu, suka jawo.

Ya farfaɗo a inuwar tsamiya, ana yi masa fifita da faifai, wani na shafa masa ruwa a fuska da hannunsa. Abin da ya fara ji tari ne, tari mai ƙarfi na mutum mai rai. Badaru ne a kan tabarma kusa da shi, yana amai yana tari, Safiyatu na kuka tana dariya. Cindo ya mayar da kai ƙasa ya bar hawaye suka yi ta zuba, bai ko share ba. Wani nauyi da ya shekara bakwai a ƙirjinsa ya ji ya sauka, har ya rasa yadda zai yi da sauƙin. Malam Sallau yana ta hamdala, Cindo yana tasa godiyar, ba wanda ya tsaya gyara wa wani.

Da Badaru ya iya magana aka tambaye shi abin da ya gani a ƙasa. Ya ce bai ga kowa ba. Ya dai ji muryar tsohuwarsa tana kiran sunansa, sai ya ce lalle ya mutu, don a duniya dai wannan ba zai faru ba, shi ne ya juyo ya ga yadda lahira take. Dariya ta ɓarke har da masu hawaye. Aka waiga neman Goggo Rakiyya, ashe tuni ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi gida.

Da la'asar sakaliya ta sake yin sallama a gidan Cindo, wannan karon da takalma biyu da ƙwaryar fura. Ta durƙusa ta gaishe su da gajiya, ta tambayi awaki. Ta ce yaron gidan nan ya ce a gaishe shi. Sannan ta dama furar, ta miƙa wa Cindo ludayi, da ya sha ta karɓa ta sha da shi, ba ta ɗauraye ba.

Ta daɗe tana juya ludayin. Can ta ce Hannatu ta gaya mata ya taɓa rasa wani a rijiya. Ta tambayi sunansa.

Cindo ya waiwaya ya dubi Hannatu. Tsohuwa ta jira, ita da ta san nauyin suna a baki.

Ya ce, "Haladu. Ƙanena ne."

Ta maimaita sunan a hankali, ta yi masa addu'a irin tata, Cindo ya ce amin.

Washegari da sassafe Hannatu ta fito da tulu da guga ta dire su a gabansa. Ta ce tunda mutum ya iya sauka gaba ashirin da biyar har sau biyu, ba ta ga abin da zai hana shi tsayawa a sama ya jawo ruwa ba, ita ma bayanta ya huta. Cindo ya dube ta, ya dubi tulun. Ya saɓa igiya a kafaɗa ya nufi rijiya, mata suna ta ba shi hanya.